Darasi na 12: Kwamfutar da ke Mutuwa a Intanet, Ta Kuma Ƙi Karɓar Sabuntawa

Akwai wani koke da masu gyaran kwamfuta suka ji har sun haddace shi. Mai kwamfuta zai ce muddin rubutu yake yi ko lissafi, lafiya ƙalau take aiki, amma da zarar ya haɗa ta da intanet sai ta daskare, ko allonta ya koma shuɗi, ko ta ɗauke ɗif ba sallama. Sa'annan ya ƙara da cewa duk sa'ad da Windows ya tashi sabunta kansa, sai ya yi ta ƙirga, kashi 30, kashi 60, daga nan ya ce abin bai yiwu ba, ya warware abin da ya fara. Amsar da ya fi samu a kasuwa guda ce: "Kawo ta, Alhaji, a yi mata fomat." Darasin nan ya ginu ne a kan cewa akwai garaje a wannan amsa. Mutuwa a intanet da ƙin sabuntawa, a mafi yawan lokaci, alamomi biyu ne na lalura guda, kuma kwamfutar da kanta tana ajiye shaidar abin da ke damunta. Wanda ya goge ta kafin ya karanta shaidar ya ɓatar da sawun da zai bi, kuma sau da yawa bayan mako biyu zai sake komawa shagon da kuɗi a hannu.

Bari mu fara da dalilin da ya sa alamomin biyu suke zuwa tare. Kwamfutar da ake buga wasiƙa a kanta ɗan ƙaramin ɓangare na ƙarfinta ne ke aiki. Da an haɗa ta da intanet, abubuwa da dama kan tashi a lokaci guda. Katin wayfai ya fara aikawa da karɓa, burauza ta buɗe shafuka ta cinye ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke ɗora aikin da ke hannunta, katin hoto ya ɗauki nauyin bidiyo, manhajar kariya ta shiga bincikar duk abin da ke shigowa, shi kuma Windows ya lallaɓa ya fara sauko da sabuntawar da ta taru. Na'urar sarrafawa ta ɗau zafi, fanka ta ƙara gudu, wutar da ake ja ta ƙaru. Duk wani sashe mai rauni, a nan asirinsa zai tonu. Sabuntawa kuwa ta ma fi haka nauyi, domin sharuɗɗanta sun fi yawa: sai agogon kwamfutar ya zama daidai, sai akwai fili a faifan ajiya, sai fayilolin Windows na asali suna nan lafiya, sai layin intanet bai yanke ba, sai wuta ba ta ɗauke ba har a gama sake kunnawa sau biyu ko uku. Saboda haka ram mai lahani, ko faifan da ya fara gajiya, ko zafi, ko bairos, kowannensu shi kaɗai ya isa ya haifar da alamomin biyu gaba ɗaya.

Hujja ta farko daga Microsoft ta fito, wato kamfanin da ya yi Windows. A bayanin da suka wallafa domin masu gyara, sun ce binciken da suka yi kan musabbabin faɗuwar Windows ya nuna kashi 70 cikin 100 daga direbobin wasu kamfanoni ne, kashi 10 daga lalacewar kayan cikin kwamfuta, kashi 5 daga manhajar Microsoft kanta, sauran kashi 15 kuma ba a gano musabbabinsu ba saboda bayanan sun dagule. Ana iya cewa mai kaya ba ya kushe kayansa, kuma haka ne, amma ko an ninka kashi 5 ɗin nan sau uku, direbobi ne dai a gaba nesa ba kusa ba. Direba a nan wata ƙaramar manhaja ce da ke aikin tafinta tsakanin Windows da wani sashe na kwamfutar, kamar katin wayfai ko katin hoto ko firinta. Abin da ya sa kuskurensa ya fi muni shi ne a can cikin ƙuryar Windows yake aiki. Idan burauza ta yi kuskure, Windows ya rufe ta ya ci gaba da harkarsa. Idan direba ya yi kuskure, ba yadda Windows zai yi sai ya tsayar da komai don kada bayanai su lalace, kuma wannan tsayarwar ce muke gani a matsayin shuɗin allo. Yanzu ku dubi abin da fomat ke yi. An share Windows, an sake sa shi, sa'annan mai gyara ya ɗauko filashinsa ya zuba direbobin nan dai da ya saba zuba wa kowa. Idan direban wayfai ne mai laifi, an mayar da shi inda aka ɗauko shi ke nan.

Hujja ta biyu daga tarihi take. A watan Agustan 2003 wani bairos mai suna Blaster ya bazu a duniya. Ba sai mutum ya buɗe wani fayil ba, haɗa kwamfuta mai Windows XP da intanet kawai ya isa. Bayan 'yan mintoci sai wani akwati ya fito a allo yana cewa kwamfutar za ta kashe kanta cikin daƙiƙa 60, ya fara ƙirgawa. Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar da bairos ɗin ke bi tun 16 ga Yuli na shekarar, amma wanda bai sa ba sai ya shiga tsaka mai wuya: maganin yana intanet, intanet kuma ita ce ke kashe kwamfutar kafin ya gama sauko da shi. Masu gyara na lokacin sun koyi buga umarnin shutdown -a da sauri don su tsayar da ƙirgar. A 2004 Sasser, wanda wani matashi Bajamushe ya rubuta, ya yi kusan irin wannan ta'adi. A ƙarshen 2008 Conficker ya zo da makircin da ya fi: yana shiga sai ya kashe sashen sabuntawa na Windows, ya toshe hanyar zuwa shafukan Microsoft da na kamfanonin kariya, alhali sauran shafuka suna buɗewa sumul. Waɗannan bairos sun tsufa, amma abu biyu da suka nuna suna nan daram. Alamomin biyu daga tushe guda suka fito. Kuma a zamanin Blaster da Sasser, waɗanda suka yi fomat da tsohon faifan Windows suka koma intanet ba tare da toshe ɓarakar ba, cikin mintoci suka sake kamuwa.

Karanta shaidar kafin taɓa komai

Aikin farko shi ne kwashe takardu da hotuna da duk abin da ba a son rasawa zuwa filashi ko wani faifai na waje, ba tare da an haɗa kwamfutar da intanet ba tunda a nan take faɗuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan haka sai a lura da irin mutuwar da take yi, domin iri uku ne kuma kowanne inda yake nunawa daban. Idan allo ya koma shuɗi, ko baƙi a sababbin Windows 11, da rubutu a kansa, to Windows ne ya tsayar da kansa kuma ya faɗi dalili. A ɗauki hoton allon da waya kafin ya wuce. A ƙasa akwai sunan kuskuren da manyan baƙaƙe, wani lokaci har da sunan fayil ɗin da ya jawo shi. Idan aka ga DRIVER_IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL tare da fayil da sunansa ya fara da Netwtw, direban wayfai ne na Intel. Idan rtwlane.sys ne, na Realtek ne. Idan nvlddmkm.sys ne, katin hoto ne na Nvidia. Ƙa'idar da ta fi amfani a nan ita ce: kuskure guda mai maimaituwa da suna guda ya fi nuna direba, kuskuren da ke canza suna kullum kuwa ya fi nuna ram ko wani abu na jikin kwamfutar. Idan daskarewa take yi, allo na nan amma linzami ba ya motsi, a fi zargin katin hoto, ko faifai, ko ram da ya cika. Idan kuma ɗaukewa take yi farat ɗaya babu rubutu babu komai, Windows bai ma sami damar magana ba, sai a dubi zafi da wuta.

Wanda bai samu ya ɗauki hoton ba, bai yi asara ba. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta perfmon /rel a ɗan akwatin da ya fito. Wani jadawali zai buɗe, kwanaki a jere daga hagu zuwa dama, kuma duk ranar da wani abu ya faɗi akwai jar da'ira mai gicciye a ƙarƙashinta. A danna ranar, a ƙasa za a ga abin da ya faɗi da ƙarfe nawa, da abin da aka sa a kwamfutar a ranar, da sabuntawar da ta ƙi shiga tare da lambar kuskurenta. Tambayar da za a yi wa jadawalin guda ce: wace rana jajayen suka fara, kuma me aka sa ko aka canza kafin nan? Sau da yawa amsar tana nan a fili, an sa sabuwar manhajar kariya ranar Talata, faɗuwa ta fara ranar Laraba. Fomat yana share wannan jadawali tas.

Daga nan sai a bi zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya, a fara da mafi araha, kuma kada a canza abu biyu a lokaci guda, domin idan ta warke ba za a san wanne ne ya yi aiki ba. Mafi araha shi ne agogo. A dubi kusurwar allo ta ƙasa a dama, a ga ko rana da wata da shekara daidai suke. A cikin yawancin kwamfutoci akwai ɗan batir zagayayye mai ƙarfin bolt 3, galibi mai lamba CR2032, wanda ke riƙe agogo lokacin da aka kashe ta. A kwamfutar tebur yana zaune a fili a kan babban allon ciki, a laftof kuma sau da yawa an naɗe shi cikin roba da 'yan wayoyi biyu. Yakan yi shekaru kafin ya mutu, amma yawancin kwamfutocin da ake saye na hannu sun riga sun ci shekarun a ƙasar da suka fito. Idan ya mutu, duk sa'ad da aka zare wuta sai kwanan wata ya koma baya da shekaru. Shafukan intanet masu tsaro kuwa kowanne yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Kwamfutar da ke zaton tana 2012 za ta ga takardar da aka bayar bana ta ce ba ta fara aiki ba tukuna, ta ƙi amincewa da ita. Nan ne sabuntawa ke tsayawa da lambar 0x80072F8F, burauza kuma ta yi ta gargaɗin cewa shafuka ba su da aminci. Agogo shi kaɗai ba ya kashe kwamfuta, amma yana hana ta samun sabon direban da zai hana ta mutuwa, don haka laifinsa ya shafi alamomin biyu.

Sai fili a faifai. Lambar 0x80070070 ma'anarta babu wurin ajiye sabuntawar. Windows 11 yana buƙatar faifai mai aƙalla gigabait 64, alhali akwai ƙananan laftof da yawa a kasuwa masu gigabait 32 kacal. Faifan da ya cika kuma yana daskarar da burauza, domin idan ram ya ƙare Windows kan ari wani yanki na faifai ya ɗora aiki a kai, in babu sai komai ya tsaya cik. A kwashe finafinai, a buga cleanmgr a share tarkace. A duba kuma ko layin intanet ɗin an sa masa alamar layin da ake auna data, wanda Windows kan yi da kansa ga modem mai katin sim. A irin wannan layi yakan ƙi sauko da yawancin sabuntawa da gangan, ba don wani abu ya lalace ba.

Gwajin da ya fi raba gardama shi ne canza hanyar shiga intanet. A kashe wayfai, a jona kebul daga rauta, ko a haɗa waya da kebul ɗin caji a ba kwamfutar data ta nan. Idan ta yini ba ta faɗi ba, an kama mai laifi: katin wayfai ne ko direbansa. Sai a shiga Device Manager a mayar da direban zuwa wanda ya gabace shi idan kwanan nan aka canza shi, ko a sauko da sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, HP ko Dell ko Lenovo, da lambar samfurin da ke rubuce a ƙasanta. A guji manhajojin nan da ke alkawarin sabunta duk direbobi da dannawa ɗaya, gyaran gangar Auzinawa suka fi yi. Idan canza hanya bai canza komai ba, sai a riƙe maɓallin Shift a danna sake kunnawa, a bi zaɓuɓɓukan zuwa Safe Mode mai intanet, inda Windows ke tashi da direbobi da manhajoji kaɗan na dole. In ta zauna lafiya a can, to wani abu ne daga cikin waɗanda aka bari a waje, kuma wanda aka fi kamawa shi ne manhajar kariya, musamman idan biyu aka sa, ko wadda kuɗinta ya ƙare tun bara amma tana nan tana tare hanya. A cire ta gaba ɗaya, Microsoft Defender da ya zo cikin Windows zai karɓi aikin da kansa. Idan kuwa sai an kunna bidiyo take daskarewa, a shiga saitin burauza a kashe zaɓin da ke miƙa wa katin hoto aikin, a sake gwadawa.

In ta faɗi har a Safe Mode, zargi ya koma kan jikinta. A nan yanayin da muke ciki yana da hannu sosai. Ƙurar hunturu tana shiga ta ramukan iska ta dunƙule a bakin fanka, zafin bazara ya zo ya tarar da hanyar iska a toshe, mai laftof kuma ya ɗora ta a kan katifa ko darduma ya rufe sauran ramukan. Na'urar sarrafawa idan ta kusa maki 100 a ma'aunin Salshiyos takan rage gudu, in zafin ya ci gaba ta kashe kanta don kada ta ƙone. Alamarta ita ce fanka na ta gunji, gefen laftof ya yi zafi, kuma bayan ta ɗauke sai ta huce take yarda ta tashi. Maganin shi ne a buɗe a share ƙurar, a canza man da ke tsakanin na'urar da ƙarfen da ke janye zafi idan ya bushe. Wuta ma haka: caja ta jabu, batir da ya mutu, janareton da ke hawa da sauka, duk suna iya riƙe kwamfuta lokacin da take hutawa su kasa lokacin da ta ja ƙarfi. Ram kuwa Windows yana da magwajinsa, a buga mdsched.exe a bar shi ya gama. In sanda biyu ne a ciki, a cire ɗaya a yi aiki da ɗaya, gobe a musanya.

Saura lalacewar fayilolin Windows kansa, wadda a wajenmu ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa na cikin manyan masu jawo ta. Lambobi irin su 0x80073712 da 0x800F081F nan suke nunawa. A buɗe Command Prompt da ikon mai kula, a buga DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, a jira ko da ya yi kamar ya tsaya, sa'annan a buga sfc /scannow. Na farko yana gyara rumbun da Windows ke ɗebo fayilolin gyara, na biyu yana amfani da rumbun ya maye gurbin waɗanda suka lalace, shi ya sa jerin yake da muhimmanci. Idan wani fayil ɗin sabuntawa ne ya sauko rabi ya maƙale, sai a tsayar da sashen sabuntawa, a canza wa jakar SoftwareDistribution da ke cikin jakar Windows suna, a sake kunnawa, Windows zai ƙirƙiri sabuwa. Amma in an gyara yau, bayan mako fayilolin suka sake lalacewa ba tare da an ɗauke wuta ba, to faifan ne ke mutuwa, kuma ba umarnin da zai raya shi. Idan kuma duk shafuka na buɗewa ban da na Microsoft da na kamfanonin kariya, a tuna da Conficker, a yi binciken Defender na wajen Windows, wanda ke sake kunna kwamfutar ya bincike ta kafin bairos ya tashi. Dole a faɗi wata gaskiya a nan: Windows ɗin da aka fasa makullinsa, irin wanda ake zubawa a shaguna da yawa, wani lokaci da gangan aka kashe masa sashen sabuntawa, kuma manhajar da aka yi fashin da ita kan zo da nata baƙin.

Abin da masu ja za su ce

Mai gyara zai ce duk wannan ɓata lokaci ne, fomat awa biyu ne an gama, shi kuma yana da kwamfutoci goma a kan tebur. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Fomat yana maganin bairos, yana maganin fayilolin da suka lalace, kuma akwai lokacin da shi ne ya fi dacewa. Amma ku ƙirga abubuwan da muka bi a sama: agogo, ƙaramin faifai, layin da ake auna data, direban da za a sake zubawa, ƙura, caja, ram, faifai mai mutuwa. Ba ko ɗaya da fomat ke taɓawa. Abin da ya fi ruɗi shi ne bayan fomat kwamfutar kan yi kwana biyu tana aiki, saboda babu kaya a kanta, mai ita ya yi godiya ya tafi, har nauyi ya sake taruwa. Kuma awa biyun nan ba su haɗa da kwanakin da mai kwamfuta zai yi yana neman manhajojinsa da kalmomin sirrinsa ba. Ko an tabbatar Windows ne ya lalace, akwai matakin da ya gabaci fomat: a sauko da Windows iri ɗaya daga shafin Microsoft, a kunna shi daga cikin wanda ke aiki, a zaɓi a bar fayiloli da manhajoji. Zai sake gina kansa ba tare da an rasa komai ba.

Wani kuma zai ce tunda sabuntawa ce ke ba da wahala, a kashe ta kowa ya huta, ai ita ma tana ɓata kwamfuta. Wannan ja ya fi na farko ƙarfi, domin yana da hujja. A watan Oktoban 2018 Microsoft ya fitar da wata babbar sabuntawa ta Windows 10 da ta share wa wasu mutane fayilolinsu, har ya janye ta sai a Nuwamba ya sake fitarwa. Ranar 19 ga Yulin 2024 wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta jefa kimanin kwamfutoci miliyan 8.5 cikin shuɗin allo, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Wannan ta biyun ba daga Windows ta fito ba, daga manhajar wani kamfani ce mai aiki a can ƙuryar da direbobi ke aiki, wanda ya ƙara tabbatar da alƙaluman da muka gani. Duk da haka a auna da ɗaya gefen. Ranar 12 ga Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya kulle fayilolin kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150 yana neman kuɗin fansa, a Ingila kaɗai aka soke ganin likita kimanin 19,000. Maganin ɓarakar da ya bi ya fito tun 14 ga Maris, wata biyu kafin nan. Sabuntawa mai kuskure ana iya cire ta, kamfanin da ya yi ta kuma yakan gyara cikin kwanaki. Fayilolin da ɗan fashi ya kulle ba su da wannan gata. Mai tsoron sabuwar sabuntawa yana da hanya ta tsakiya: Microsoft yana fitar da ta wata-wata ne ranar Talata ta biyu ga kowane wata, kuma Windows ya yarda a jinkirta har kwana 35. A jinkirta mako guda a ji abin da ya sami waɗanda suka riga sawa, sa'annan a sa.

Maganar tsadar data gaskiya ce kuma ba a raina ta. Sai dai kwamfutar da sabuntawarta ta maƙale ta fi cin data, domin kullum sai ta sauko da abu guda, ta kasa sa shi, gobe ta sake. A makaranta ko ofis ko shagon buga takardu mai kwamfutoci da yawa, ana iya sauko da fayil ɗin sau ɗaya daga Microsoft Update Catalog da lambarsa mai farawa da KB, a zaga da shi a filashi. Wanda kuma ya ce shi ba injiniya ba ne, ba a ce ya kwance laftof da kansa ba. Duba agogo, ɗaukar hoton allo, buɗe jadawalin faɗuwa da canza wayfai zuwa kebul ba sa buƙatar sukundireba. Wanda ya je shago ya ce "Malam, a wayfai take faɗuwa, a kebul ba ta yi, ga hoton kuskuren," zai biya kuɗin gyaran abu ɗaya ne, kuma zai gane ko mai gyaran ya san aikinsa daga amsar da zai ba shi.

Akwai hali guda da duk wannan bincike ba zai kai ga sabuntawa ba, wato idan kamfanin ya daina fitar da ita. An rufe Windows XP ranar 8 ga Afrilun 2014, Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 8.1 ranar 10 ga Janairun 2023, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da ƙarin wa'adi na musamman ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 yana neman ram gigabait 4 da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da na'urar sarrafawa ta kwanan nan, wanda yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika ba. Irin wannan kwamfuta ba ta lalace ba, kuma kada a bari wani ya karɓi kuɗin gyaran sabuntawar da babu ita. Ko a sa mata Linux irin su Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne kuma ana sabunta su, ko a bar ta tana buga takardu ba tare da intanet ba. Shiga asusun banki da ita kuwa ganganci ne.

Kafin darasi na gaba, kowannenku ya buga winver a kwamfutar da yake amfani da ita ya rubuto wane Windows ne a kanta, ya duba ko agogonta daidai yake, ya buɗe perfmon /rel ya kwafo ranar jar da'ira ta ƙarshe da abin da aka rubuta a ƙarƙashinta. Wanda ba shi da kwamfuta ya nemi izinin malami ya yi a ta cibiyar da muke karatu.